Riƙon Igiya: Yadda Ake Yi wa Ɗan Mishan Addu'a Daga Kumasi

Ranar da ikkilisiya za ta sallami mai bishara zuwa arewacin Ghana, ba a rasa masu alkawari. Dattawa su ɗora masa hannu, zumuntar mata su yi waƙa, a raka shi tasha da buhun gari da 'yar ambulan, kowa yana cewa, "Malam, muna tare da kai cikin addu'a." Bayan wata uku, ka tsaya a ƙofar majami'a ka tambayi masu fitowa sunan ƙauyen da yake. Sai ka ga ana kallon juna. Ba mugunta ta jawo haka ba. Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ce ta cinye mutane, ga kuɗin haya, ga na makaranta, kuma abin da ido bai gani ba zuciya ba ta daɗewa da shi.

Wanda ya taɓa ganin haƙar rijiya ya san mutum biyu ne ke aikin. Ɗaya yana ƙasa cikin duhu da diga, ɗaya yana sama riƙe da igiya, yana janyo ƙasa, yana sauraron muryar na ciki. Ɗan mishan William Carey ya kawo misali mai kama da wannan kafin ya tashi daga Ingila zuwa Indiya a 1793: ya yarda zai sauka ramin in abokansa za su riƙe igiyar. Andrew Fuller, wanda ya ɗauki alkawarin, ya zauna a matsayin sakataren ƙungiyarsu ta mishan tun daga 1792 har mutuwarsa a 1815, yana rubuta wasiƙu, yana yawon tara gudummawa. Shekara 23 ke nan. Abin lura a misalin shi ne mai riƙon igiya ba ya riƙe wa "masu haƙa gaba ɗaya". Mutum guda ne a ƙarshen igiyarsa, kuma ya san nauyinsa.

Don haka abu na farko shi ne a rage. Addu'ar "Ubangiji ka albarkaci dukan 'yan mishan na duniya" ba laifi ba ce, amma ba ta kai mako uku take mutuwa, domin babu abin da za a waiwaya a ce an ga amsarsa. Ƙungiyar addu'a ɗaya, iyalin ɗan mishan ɗaya. Mutum biyar zuwa takwas sun isa. In sun gaza biyar, ranar da biyu suka tafi jana'iza a ƙauye taron ya watse (kuma a ƙasar Asante kowace Asabar akwai jana'iza). In sun haura goma, sai bakin mutum biyu ya mamaye wurin, sauran su koma 'yan amin. Ikkilisiyar da ta aiki iyali huɗu gara ta raba su ga ƙungiyoyi huɗu da ta riƙa karanto sunayensu a jere lokacin sanarwa.

A sayi littafin rubutu mai kauri, irin na 'yan makaranta. Shafin farko a rubuta sunan malamin, da na matarsa, da na kowane yaro da shekarunsa da ajin da yake, da sunan gari da gunduma, da harshen da mutanen wurin ke ji, da asibitin da ya fi kusa da su da nisansa, da ranar kasuwarsu. Sauran shafuffukan a ja layi a raba gida huɗu: ranar da buƙata ta iso, mece ce buƙatar, wa ya ɗauke ta, sannan abin da ya faru. Gidan ƙarshen nan shi ne ran aikin. Ƙungiyar da ba ta cike shi roƙo kawai take yi ba godiya, kuma mai roƙon da bai taɓa sanin ko an ba shi ba, gajiya yake yi.

Sai maganar samun labari, wadda a nan ne yawancin ƙungiyoyi ke tuntuɓe. A naɗa mutum ɗaya mai riƙon amana, da mataimakinsa, su ne kawai za su riƙa tuntuɓar malamin, sau ɗaya a mako biyu. Kada a nemi doguwar wasiƙa. Mutumin da ya wuni kan babur ya dawo ba wuta, ba zai zauna ya rubuta shafi biyu ba. Saƙon murya na minti biyu a WhatsApp ya wadatar, kuma a yi haƙuri in ya makara, don akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko an je kasuwa kafin waya ta kama. Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. In ka ce "Yaya aiki?" amsar da za ka samu ita ce "Da godiya." Bahaushe ko yana kwance ba lafiya "da sauƙi" zai ce maka. A tambaye shi abu uku masu kai: me ke gabanka cikin mako biyun nan, da ranarsa? Me ya fi yi maka nauyi yanzu? Wace buƙata ce cikin waɗanda muka ɗauka ta sami amsa? Sannan wata daga cikin mata ta kira matar malam daban. Abin da za ta faɗa sau da yawa ba shi ne abin da mijin ya faɗa ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai dalilin da ke sa masu bishara su riƙa aiko da labari mai daɗi kawai. Suna tsoron in sun ce wata shida ba wanda ya tuba, kwamitin mishan zai fara tunanin janye tallafi. Don haka dole ƙungiyar addu'a ta faɗa masa da baki, tun farko, cewa abin da ya gaya mata ba zai je teburin kwamiti ba, kuma ba ƙidayar kawuna take yi ba. In mai riƙe da littafin addu'a shi ne kuma ma'ajin kuɗin mishan, a raba su. Wanda ke biyanka albashi ba shi kake gaya wa ka karaya ba.

To, me za a roƙa? Gara a fara da abin da manzo Bulus da kansa ya nema, tunda shi ya san aikin. A Kolosiyawa 4:3-4 ya nemi a buɗe ƙofa ga Maganar, kuma ya iya bayyana ta sarai. A Afisawa 6:19-20 ƙarfin hali ya nema, alhali yana ɗaure da sarƙa. A 2 Tasalonikawa 3:1-2 ya roƙi Maganar ta bazu da sauri, a kuma tsare su daga mugayen mutane. Amma wanda aka fi tsallakewa yana Romawa 15:30-32, inda ya nemi a yi addu'a gudummawar da zai kai Urushalima ta karɓu wurin 'yan'uwa masu bi. Wato damuwarsa ba ta tsaya ga mutanen waje ba, har da na cikin gida. Wanda ya san fagen mishan ya san abin da ke mayar da ma'aikaci gida kafin lokacinsa sau da yawa saɓani ne da abokin aiki, ko da faston gunduma, ko da ikkilisiyar da ta aike shi. A sa wannan cikin addu'a kowane mako, ko malamin bai ambata ba.

Maganar "bayyanawa sarai" kuma harshe ce. Mai jin Hausa da Twi, harshen Asante, yakan ɗauka ya gama shiri, domin Hausa tana cin kasuwa daga Tamale har Bawku. Amma harshen ciniki daban, harshen da tsohuwa ke kuka da shi daban. A Dagbon sai Dagbani, a Nalerigu da Gambaga sai Mampruli, a yankin Bolgatanga Frafra, a Bawku Kusaal, a Wa da kewaye Waali da Dagaare, wajen Saboba kuma harshen Konkomba. Wanda ya shiga gari bai iya cewa "Dasiba" da safe ya amsa da "Naa" ba, bai rusuna wa dattijo ba, bai fara kai goro fadar sarki ba, ya rufe wa kansa ƙofar da ake roƙon Allah ya buɗe. A shekara biyun farko, babbar addu'a ita ce kunne da harshe da haƙurin zama ɗalibi, da samun mutum guda na gari da zai riƙa gyara masa magana ba tare da kunya ba. Cibiyar GILLBT da ke Tamale ta daɗe tana fassara Littafi Mai Tsarki da koyar da karatu cikin harsunan arewa, don haka a tambayi malamin ko akwai fassara a harshen mutanensa, da ko suna iya karanta ta. In ba sa iya karatu, abin roƙon ya zama ajin yaƙi da jahilci ko na'urar sauraro.

Yanzu ga wurin da nake ganin ya kamata a fi daɗewa: kalandar wurin da yake. Mu a Kumasi damina biyu muke gani a shekara. Arewa guda ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma rayuwar mai bishara tana juyawa ne da ita. Wanda ke addu'a da kalandar Kumasi zai riƙa roƙon abin da lokacinsa ya wuce.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura da tari da tsagewar leɓe, amma kuma lokacin aiki ne, domin an gama girbi, mutane suna gida, hanyoyi sun bushe. A nan ake yawon wa'azi da tarurrukan koyarwa da ginin ɗakin sujada, saboda haka a roƙi ƙarfin jiki da kariya a kan hanya. Maris da Afrilu zafi ne wanda mutumin kudu bai san irinsa ba, yakan haura digiri 40, rijiyoyi su ƙafe, mata su yi doguwar tafiya neman ruwa. Lokacin sanƙarau ke nan kuma, domin arewacin Ghana yana cikin yankin da cutar ke ɓarkewa da rani. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne zuwa gobe, kuma mai kira daga ƙungiya ya kamata ya faɗa wa iyalin haka ƙarara, ba addu'a kaɗai ba. Da ruwa ya sauka, kowa ya tafi gona, majami'a ta zama fayau. Sabon ma'aikaci yakan ɗauka mutane sun gudu ne, ya shiga damuwa, alhali shuka suke yi. Yuni zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, kuma gidan malam ne ake zuwa roƙon kwanon masara, shi da bai da wadatar. Ga sauro da zazzaɓin cizonsa, ga maciji a gona, musamman kububuwa, maganin dafinta kuwa ba kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba. Wajen Agusta da Satumba hukumomin Burkina Faso sukan buɗe madatsar ruwa ta Bagre, Farin Volta ya cika ya batse, gonakin bakin kogi su nutse. Yankin Yagaba har laƙabin "Overseas", wato ƙetare, aka yi masa saboda yadda ruwa ke yanke shi daga sauran ƙasa. In malaminku yana irin wannan wuri, shirun mako uku a watan Satumba ba abin zargi ba ne, abin durƙusawa ne.

Kada wani ya ce roƙon lafiyar jiki ƙaramin abu ne a kan na ruhaniya. 'Yan mishan huɗu na ƙungiyar mishan ta Basel da suka sauka Osu, a Accra ta yau, a ƙarshen 1828, uku sun mutu kafin shekara ta zagayo, na huɗun ya bi su a 1831. Cikin ukun da suka zo a 1832, Andreas Riis kaɗai ya rayu, shi ma da taimakon wani mai maganin gargajiya, sannan ya hau tudun Akropong a 1835. Joseph Dunwell, na farkon Methodist a Cape Coast, wata shida bai cika ba ya rasu a 1835. Zazzaɓi ne ya yi wannan ɓarnar, ba takobi ba. Yau akwai magani, amma nisan asibiti yana nan, kuma hanyar da ta tashi daga Kumasi ta bi Techiman da Kintampo da Buipe zuwa Tamale, wadda ta kusa kilomita 400, ta ci rayuka da yawa, musamman da dare. Masu tsallaka tafkin Volta daga Yeji kuma suna fama da kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima, da kututturen itatuwa da ke ɓoye cikin ruwa. Duk ranar tafiya a rubuta ta a littafi, wanda ya ɗauke ta ya yi addu'a da safen, ya kuma kira da yamma ya ji an sauka.

Tsarin taron ba ya son tsawo. Minti 45 sau ɗaya a mako, rana ɗaya, wuri ɗaya, ba a canjawa. Minti biyar na karatun aya, goma na jin labari da cike gidan amsoshi, sauran duka addu'a, kowa gajere, buƙata ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke kashe irin wannan taro shi ne labari ya cinye minti 40, a yi addu'ar rufewa a tashi. Wani lokacin ma "a sa su cikin addu'a" kan zama rigar da gulma ke sawa. In an ji maganar ta fara komawa kan halin matar malam ko yadda yake kashe kuɗi, shugaba ya katse nan take. Bayan taro, a raba ranakun mako: kowa ya ɗauki rana guda da zai yi minti goma shi kaɗai a gida. Mazaunin unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi ba ya buƙatar agogo, kiran sallar asuba yana tashinsa tun kafin ƙarfe biyar, kuma wannan lokaci ne mai kyau kafin a fita neman mota. In ma'aikacinku yana Nijar ko Najeriya, ku tuna suna gabanmu da awa ɗaya. Burkina Faso da Mali da Togo agogonmu ɗaya.

Azumi sau ɗaya a wata ya isa ga yawancin mutane, daga safe zuwa ƙarfe uku ko shida, kuma ya fi ma'ana in an ɗaura shi a kan wani abu takamaimai, kamar ranar da malam zai je gaban sarki ko tindana, wato mai kula da ƙasa a gargajiyance, neman fili. Mai ciwon suga da mai juna biyu da mai shayarwa a ɗauke musu.

Sai batun baki. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi sauri. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba kowa 'yancin addininsa, amma doka ba ta shiga tsakar gida. Wanda ya karɓi bangaskiya a ɓoye yana iya rasa matarsa ko ɗakin kwanansa ko gonar gado saboda hoto guda na baftisma da wani mai murna ya ɗora a Facebook. Zango kuwa kowa ɗan'uwan kowa ne: mai sayar da doya a nan Kumasi ƙanin wani ne a Salaga, labari zai riga ka isa. Don haka sunan sabon mai bi ba ya shiga littafi, ba ya shiga zauren WhatsApp, ba a faɗarsa a bagadi. A ba shi wani suna da ƙungiya kaɗai ta sani, Allah ya san wanda ake nufi. Saƙon muryar malam ba a tura shi gaba, a saurara a taro a goge. Ga masu aiki kusa da iyakar Burkina Faso, inda 'yan bindiga suka sha kai wa majami'u hari tun 2019, ko a Bawku da ta sha fama da rikicin sarauta da dokar hana fita, har sunan gari da ranar tafiya sirri ne, kuma a nan ma za a karya ƙa'idar rubuta komai.

Yadda ake furta addu'ar ma abin kula ne, tunda bango ɗaya ya raba mu da maƙwabta. Mutanen da malam ya je wurinsu ba abokan gaba ba ne, su ne suka ba shi masauki da ruwan sha. Addu'ar da ake ɗaga murya a lasifika ana "rushe" wannan ana "ƙone" wancan, maƙwabcin da ke ji ta taga ya fahimci da shi ake, kuma ya yi daidai in ya ji haushi. A 2019 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya je majami'ar Katolika ta Christ the King a Accra ranar Ista, lokacin cikarsa shekara 100. Zaman lafiya irin wannan ba kowace ƙasa ke da shi ba, kuma cikinsa ne mai bishara ke samun damar buɗe baki. A roƙa wa sarkin garin da limaminsa da tindana alheri, da lafiyar 'ya'yansu, da damina mai albarka.

Ba zan tsallake kuɗi ba, ko da yake maganar addu'a muke. Yakubu 2:15-16 ya riga ya yi maganin mai cewa "ka sauka lafiya, ka ƙoshi" bai miƙa komai ba. In buƙatar da ta iso ita ce tayar babur ta mutu, kuma mutum takwas ne zaune, kowannensu da MoMo, wato asusun tura kuɗi, a waya, to amsar addu'ar tana cikin ɗakin. A Disamba 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 54 cikin ɗari, kuma ma'aikacin da aka yanka wa alawus tun kafin lokacin ba a sake dubawa ba, an rage masa abinci ne ba tare da an faɗa masa ba. Ƙungiya ta riƙa tambaya ko katin inshorar lafiya na iyalin yana aiki, ko an biya na makarantar yara. Bulus ma daga kurkuku ya aika wa Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa, ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin sanyi. Sai dai kada ƙungiyar ta rikiɗe ta zama kwamitin kuɗi, in ba haka ba kowane saƙo zai koma takardar roƙo, malam ya daina faɗin abin da ke zuciyarsa. Ƙaramar buƙata a kashe ta nan take, babba a miƙa wa dattawa da izininsa.

Wani kuskuren shi ne aika wa ma'aikaci mafarkai da "saƙonni" barkatai. Mutum yana can shi kaɗai, an kira shi da tsakar dare an ce an ga akwatin gawa a ƙofarsa. Wannan ba ƙarfafawa ba ce. Duk abin da wani ya ce ya gani, ya bi ta hannun fasto tukuna. Abin da ke ƙarfafa shi ɗan gajeren saƙo ne: yau Talata mun taru mu shida, mun ɗauki tarin ɗanka da tafiyarka ta Jumma'a.

Kuma ba dole sai wanda ya haye kogi ba ne ɗan mishan. Akwai masu aiki a nan cikin gari tsakanin 'yan mata masu dakon kaya a Kejetia, waɗanda yawancinsu daga arewa suka zo, da masu bin rugagen Fulani a dajin Agogo da Afram. Su an fi mantawa da su, don ana ganinsu ranar Lahadi.

In malam ya zo hutu, a yi abin da ikkilisiyar Antakiya ta yi wa Bulus da Barnaba a Ayyukan Manzanni 14:27-28: a taru a saurare shi, sannan a bar shi ya zauna. Kada a jera masa wa'azi kowace rana har ya koma ya fi yadda ya zo gajiya. A kai iyalin asibiti a duba su, a ba su ɗaki mai ƙofa. Daren da ƙungiya za ta zauna da shi, a buɗe littafin tun daga shafin farko a bi gida na huɗu tare. Za a tarar da wuraren da aka cike, da waɗanda har yanzu babu komai. Waɗannan a tambaye shi ɗaya bayan ɗaya ko a ci gaba da ɗauka ko a ja layi, sannan a kwafe waɗanda suka rage zuwa sabon shafi kafin ya hau mota.